Hotunan da Na Kai wa Inna

Shekararmu ta uku da komawa Sakkwato idon Inna ya fara tafiya. Na dama ya riga ya mutu tun ba mu ankara ba, don ba ta faɗa wa kowa ba. Sai ranar da ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin kunu ta kama iska, sannan ƙanwata ta gane. Munka kai ta asibiti. Likita ya haska mata fitila, ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan ba yanar ido ba ce da ake cirewa, kuma na hagun ma ya kama hanya. Ya rubuta maganin ɗigawa. Ya ce zai rage mashi sauri, amma ba zai tsayar da shi ba.

Da munka iso gida Inna ta zauna bisa tabarma. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba tun da nake. "Kai" take ce mini.

"Kai," ta ce. "Ku mai da ni Sabon Birni in ga gidana tun ina gani."

Ba na iya ƙarya, kuma ban iya lallashi ba. Na ce mata ba za ta yiwu ba. Hanyar nan idan 'yan bindiga sunka tare mota, mai iya gudu ne ke tsira, shi ma wani lokaci. Inna daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta huta sau ɗaya. Dalilin da ya sa munka kwaso ta ke nan tun farko, bayan an shiga ƙauyukan da ke kewaye da mu ɗaya bayan ɗaya har munka daina barci da ido biyu. Gidan munka bar wa wani dattijo mutumin Gatawa da ya gudo da iyalinsa, don kada ya zama kango.

Ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba. Ƙanwata ce ta kawo shawarar hoto. Mijinta yana da waya mai kyau, ta ce in karɓa in tafi in ɗauko wa Inna garin, ta gan shi a hannunta. Ni magini ne, ɗan magini. Boko aji uku na yi na bari. Hannuna ya saba da cokalin gini, ba da gilashin waya ba, fatar yatsana ma ta yi kaurin da sai na danna sau biyu take ji. Surukin nawa ya zaunar da ni ya koya mini: ka tsaya cik, ka riƙe numfashi, kada ka fuskanci rana, ka taɓa farin da'irar nan. Na gwada da akuyarsu har na iya.

Ƙarshen damina ne na tafi. Munka fita da hantsi, motoci huɗu a jere, don babu direban da ke yarda ya bi hanyar shi kaɗai. Ba wanda ya yi hira a motar. Gero ya yi tsawo hagu da dama, kuma kowa ya san abin da dogon gero ke ɓoyewa. Allah ya kiyaye, munka isa kafin azahar.

Daga tasha na fara. 'Yan kabu-kabu sunka yo kaina, na ce da ƙafa za ni. Na ɗauki bakin tasha, na ɗauki rumfunan kasuwa, rabi a buɗe rabi an kife tebura. Daga nan na gangara shiyyarmu.

Za ni faɗi gaskiya, na ji daɗin tafiyar nan da farko. Shiyyar nan babu katangar da ban san ta ba. Wata mahaifina ya ɗora, ina miƙa mashi tubali. Wata ni na yi mata yaɓe da hannuna, har yanzu ana ganin sawun yatsuna inda na zagaya bakin ƙofa. Na tsaya gaban soron wani Alhaji mai fataucin wake zuwa Nijar, ginin da mahaifina ya fi alfahari da shi, mai zankwaye huɗu a sama. Biyu sun faɗi. Indararon ya karye, ruwan damina uku ya bi jikin bango ya ci shi har ana ganin kan azara. An sa wa ƙofar kwaɗo, kwaɗon ma ya yi tsatsa. Na ja da baya har na jingina da bangon da ke kallonsa don ya shiga duka, na riƙe numfashi, na danna.

Na ɗauki masallacin shiyya ta gaba da ta gefe. Na ɗauki zauren Malam, maƙwabcinmu, da dakalin da munka yi karatu a kai, wanda zaman mutane ya goge har yana sheƙi. Malam ya kwashe iyalinsa sun tsallaka Nijar, zauren a rufe, an jingina wani tsohon amalanke a bakinsa. Na ɗauki lungun mahauta, wanda mutum biyu ba su iya jerawa a cikinsa. Na ɗauki tsoffin rijiyoyin marina da anka cike da shara tun ina saurayi. Na ɗauki sababbin gidajen bulo masu ƙofar ƙarfe da sunka tsiro a inda da fili ne, duk da aikin bai yi mini ba, siminti kaɗan yashi da yawa, shekara goma ba za su kai ba. Makarantar firamare cike take da mutanen ƙauye, an shanya zannuwa a tagogi. Ita daga nesa na ɗauka, don ban ga dalilin sa fuskar mai wahala a waya ba.

Ina cikin ɗaukar wata tsohuwar ƙofar katako mai ƙusoshi, sai na ji an dafa kafaɗata. Samari biyu ne 'yan sa-kai, ɗaya da bindigar gida a rataye. Ban san su ba, su ma ba su san ni ba.

"Malam, mi kaka ɗauka?"

"Ƙofa."

"Ƙofar wa? Wa ya aiko ka?"

"Uwata."

Sunka dubi juna. Mai bindigar ya karɓe wayar, ya fara ja da yatsa. Masallaci, lungu, lungu, bakin kasuwa, makaranta, mashigar gari. Da na ga abin ta idonsa sai na gane. Haka infoma ke yi, mai kai wa 'yan daji labarin inda ake shiga da inda ake fita. A garin nan an kashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba.

Sunka tasa ni gaba zuwa gindin wata darbejiya inda dattawa ke zama. Mutane sunka fara taruwa. Allah ya sa tsohon wanzamin shiyyarmu yana wurin, yana wa wani aski. Ya ɗago, ya ƙanƙance ido, ya nuna ni da aska.

"Ku sake shi, 'yan banza. Ɗan magini na. Ku dibi tsagar da ke huskarshi, ni na riƙe kanshi ranar da ubana ya yi ta. Ya yi ta ihu kamar ɗan akuya, har ya yi mini hitsari a riga."

Anka yi dariya. Mai bindigar bai yi ba.

"Baba, infoma ma yana da tsaga."

"Awo, yana da ita. Amma wanga ko sunan unguwarsu aka tambaye shi sai ya yi tunani. Wa zai ɗauki wanga aikin asiri? Kai, ina tsohuwa? Tana nan da faɗanta?"

Na faɗa masu zancen idon. Yaron ya miƙo mini wayar da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri, amma in goge na mashigar gari. Na ce ban iya gogewa ba, shi ya goge da kansa. Wanzamin ya ce in ɗauke shi shi ma in kai mata, ta ga yadda ya ƙara kyau. Ya gyara hula, ya washe baki babu haƙora. Na ɗauka.

Gidanmu na bari ƙarshe. Dattijon Gatawa ya fito ya tarbe ni a zaure, ya sa anka kawo fura. Ya ce in shiga in ga gida, zai sa mata su koma ɗaka. Na ce a'a, kada a tayar da su, la'asar ta yi kuma motocin komawa ba su jira. Na fito na tsaya a tsakiyar hanya na ɗauki gaban gidan sau biyar. Yaɓen da na yi mashi kafin mu tashi yana nan bai tsage ba. Na ji daɗin wannan. Na ce a raina Inna za ta ji daɗi.

Washegari da safe, lokacin da idonta ya fi gani, na zauna kusa da ita a bakin ƙofar ɗaki. Ƙanwata ta tsuguna ta ɗaya gefen. Inna ta riƙe wayar dab da idon hagu, ta karkatar da kai kamar kaza mai kallon sama.

"Ina na nan?"

"Tasha."

Ta ce to. Na ja.

"Nan fa?"

"Soron Alhaji mai wake."

"Haka yake?"

Na ja. Lungun mahauta, ba ta gane ba. Masallaci ta gane don hasumiya, ta ce daga tsakar gida kanta kawai ake hangowa. Wanzami ta gane, ta ce har yanzu bai mutu ba, tsohon kwarto. Na yi ta ja, tana ta tambaya, muryarta tana ƙara yin ƙasa. Har na iso kan gidanmu. Na bar ta ta faɗa da kanta. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga gidan wa na?"

Ƙanwata ta dube ni. Na ce, "Inna, gidanki na. Ƙofar gidanki ta."

Ta sake kai wayar ido. Sannan ta aje ta bisa cinyarta.

"Kai, ni ina na san ƙofar gidana ta waje? Da lulluɓi anka shigo da ni. In za ni biki ko gaisuwa, sai bayan magariba, kaina a ƙasa, ina bin mai fitila. Ranar da kunka hitar da ni kuwa ina kuka, ban waiwaya ba. Wanga garin da ka ɗauko naku na, na maza. Ina rijiyata? Ina lallen da na dasa bayan madafa? Ina kafar gidan Malam?"

Ko ɗaya cikinsu ban ɗauko ba.

Sai ta fara lissafa mini shiyyar yadda ta san ta. Daga gindin rijiyarmu akwai kafa a katanga, in ka sunkuya ka faɗa tsakar gidan Malam, wurin matarsa, ƙawarta ta shekara arba'in. Daga can ta bayan rumbu ka ɓulla gidan mahauta, inda ake samun kitse da romo. Daga nan akwai inda katanga ta yi gajarta, ana taka turmi a haura gidan mai ƙuli-ƙuli. Haka har gida bakwai, ba ka taka hanya ba, ba namijin da ya gan ka. Ta nan ake kai wuta da safe, ta nan ake aron rariya, ta nan ake kiran ungozoma. Ta nan labarin mutuwa ke riga maza isa.

Abin da ya fi ci mini rai, na san kafofin nan. Ni ke yaɓe katangun. Duk shekara in na zo kansu mata su ce daga ɗaka, "Magini, a bar nan." Ina bari, ina ganin ɓarna ce kawai da ba su son a gyara, har ina jin haushi don tana ɓata mini aiki. Shekara talatin ina kewaya su da cokali, ban taɓa tambayar ina sunka nufa ba. Kuma dattijon ya ce in shiga, na ce a'a.

Na ce za ni koma. Ƙanwata ta ce ban isa ba, sau ɗaya Allah ya fitar da ni, kada in gwada Shi. Matata ta ce in tuna ina da 'ya'ya biyar. Suna da gaskiya, shi ya sa na yi sati shida ina jinkiri. An tare hanya sau biyu a tsakanin, motoci sunka daina zuwa na ɗan lokaci. Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Amma na lura ta daina gane mai shigowa sai ya yi magana, kuma in an aje mata kwano sai ta lalubo bakinsa da yatsa. Ranar da na ga ta ɗiga maganin a kumatu tana zaton ido ne, na je na karɓo wayar. Ban yi shawara da kowa ba.

Kafin in fita na tsuguna gabanta na ce ta faɗa mini abin da take so, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wa ya ce ka tahi?" Sannan ta lissafa. Rijiya. Lalle. Madafa. Kafar gidan Malam. Ƙofar ɗakinta. Inda take zama da hantsi.

Da na isa, tun daga bakin lungu na ga tabarmi a ƙofar gidanmu, an naɗe su an jingina. Na san irin wannan jinginar. Wani maƙwabci ya faɗa mini: dattijon ya koma Gatawa yankan gero, shi da babban ɗansa, don yunwa ta fara shiga gidan. Anka same su a gona, 'yan bindiga sun kashe su. An yi addu'ar bakwai shekaranjiya. Babu sauran namiji babba a gidan, matarsa tana takaba.

Na tsaya a zaure na yi sallama. Magini yana shiga gidan kowa, amma da mai gida a gabansa yana cewa a kauce. Yanzu babu mai shigar da ni, kuma ba a shiga wurin mace mai takaba da waya a hannu. Gidan ubana ne, a cikinsa anka yanke mini cibi, amma iyakata zaure.

Wata tsohuwa ta fito, yayar mamacin, ƙarama, busasshiya, da carbi a wuya. Na yi mata gaisuwa, ta amsa. Na so in tashi in tafi ba tare da na faɗi abin da ya kawo ni ba, don kunyarsa nake ji. Ita ta tambaya.

"Ɗana, ba gaisuwa ta kawo ka ba, don ba ka ji ba sai yanzu. Ko gidan kuka so?"

Na ce a'a, wallahi a'a. Na faɗa mata komai, har da hotunan farko da abin da Inna ta ce. Ta saurara tana jan carbi. Da na gama ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ka kai mata bango."

"Na kai mata bango, Gwaggo."

"Maza ke nan. Kawo abin."

Ba ta taɓa riƙe irin wayar ba. Na koya mata yadda anka koya mini: ki tsaya cik, ki riƙe numfashi, ki taɓa farin nan. Ta gwada, ta ɗauki gwiwata. Ta sake, ta ɗauki rufin zaure. Ta ce ya isa, ta iya, ta shige.

Na zauna bisa dakalin cikin zaure ina jin su ta bayan katanga. Na ɗaga murya na ce rijiya. Na ji takunta, na ji ta ce wa wata ta janye guga. Na ce lalle, bayan madafa. Wata murya ta ce awaki sun cinye shi sai kututture. Na ce a ɗauki kututturen. Can na ji wata ta ce, "Gwaggo, kin juya shi, kanki kika ɗauka," sai dariya ta tashi, mata uku ko huɗu, ta yi sama sannan ta yanke gaba ɗaya, kamar sun tuna. Bayan nan ban ƙara jin komai ba sai takun tsohuwar.

Ta daɗe. Da ta fito zanenta duk ƙaiƙayin ciyawa. Ta ce ta sunkuya ta kafar, ta leƙa gidan Malam, ciyawa ta kai mata ƙirji, ba ta iya wucewa ba.

"Ɗakin tsohuwarku yana nan yadda ta bar shi," ta ce. "Da kwaɗonshi. Ƙanena ya ce kada wanda ya taɓa, amana ta. Mu goma sha ɗaya muna ɗaki biyu, amma ba mu taɓa ba. Ka faɗa mata."

Ban duba hotunan ba sai a mota. A ido na magini, babu na kirki ko ɗaya. Duk a karkace suke, rabin wasu yatsa ne, wasu ƙasa ce da ƙafafu, ɗaya goshin tsohuwar ne da ido ɗaya. Na ce a raina na sake yin tafiyar banza.

Da safe na kai wa Inna. Yanzu sai ta haɗa wayar da girarta take gani, kuma ta gefe, kamar mai leƙen ramin ƙofa. Na buɗe na farko, wani baƙin da'ira da gefen bokiti.

"Rijiyata," ta ce, tun ban buɗe baki ba. "Wa ya ɗauke murfin? Akwai yara a gidan, a bar rijiya buɗe?"

Na ja. Ƙasa ce da duwatsu uku da toka.

"A'a. A'a. Sun mai da murhu gabas. Hayaƙi duk ɗaka zai shiga in iska ta juyo. Ba wanda ya faɗa masu?"

Ƙanwata ta rufe baki da mayafi, ban san dariya take ko kuka ba. Inna ta ga kututturen lalle, ta ce zai tsiro in an kewaye shi da ƙaya, ba ya mutuwa da sauƙi. Ta ga igiyar shanya, ta ce ba tata ba ce. Ta ga goshin tsohuwar, ta ce wannan wace ce, na faɗa mata, ta ce tana da goshin mutanen kirki.

Sai kafar gidan Malam. Hoton ya fi sauran fitowa, don tsohuwar ta durƙusa ta ɗauka: bakin kafar, gefensa ya yi santsi saboda shafar hannu, bayan nan ciyawa kore har sama, ba a ganin ɗaki ba a ganin rumbu. Inna ta ƙura mashi ido. Ta sa yatsa bisa gilashin, hoton ya gudu, na dawo mata da shi. Ta sake sa yatsa, ya sake gudu. Na riƙe mata wayar da kaina, ta kalla har idon ya fara ruwa, ƙanwata ta goge mata.

"Wuce," ta ce.

Na ƙarshe ƙofar ɗakinta ce, da kwaɗo. A gefen ƙofar, inda rana ke fara sauka da hantsi, akwai tabarma, da ƙafafun mace a miƙe, da gefen hijabi. Fuskar ba ta shiga ba.

"Wa ke zaune wurina?"

Da na so in ɓoye mata zancen dattijon. Amma ta tambaya kai tsaye, ni kuma na faɗa tun farko ban iya ƙarya ba. Na ce ina zaton matar dattijon ce, na faɗa mata gonar, da ɗan, da takabar, da su goma sha ɗaya a ɗaki biyu, da saƙon da tsohuwar ta ba ni. Ta yi salati a hankali. Ta tambayi shekarun matar, na ce ban gan ta ba. Ta ce daga ƙafafun yarinya ce, ba ta wuce ƙanwata ba.

Ta miƙo mini wayar. Ta laluba bakin zanenta, inda take ƙulle goro da 'yan canji, ta fara kwance wani ƙulli da ban taɓa lura da shi ba. Ya ƙi kwantuwa don ya daɗe, ƙanwata ta kai hannu, ta buge hannun. Da haƙori ta kwance shi. Ɗan makulli ne, ya yi baƙi.

"A kai mata. Mai takaba tana son inda za ta rufe ƙofa ta yi kukanta ba a gaban yara ba. Gadon ta kwanta a kai. Tasoshin da ke cikin kwalla a raba wa 'yan matan gidan. Akwai buhun kanwa bayan ƙofa, in bai narke ba su yi amfani da shi. Kuma ka ce su mai da murhun nan yamma."

Na ce, "Inna, in an samu lafiya ai za ki koma."

"Kai, rufe mini baki. Na gani."

Ban koma da kaina ba. Wani direba da na sani na ba, na naɗe makullin a takarda, na sa ƙanwata ta rubuta saƙon a jiki don rubutuna ba kowa ke karanta shi ba. Bayan kwana huɗu ya kira ya ce ya damƙa wa tsohuwar hannu da hannu, ta ce a gaida Inna, an gode, kuma murhun ba za su iya mayarwa yamma ba don can awaki ke kwana yanzu.

Na faɗa wa Inna. Ta ce to, gidansu ne.

Idon ya ƙarasa rufewa kafin azumi.